Bindigar harbin faifai: wacce ta dace da mace mai ƙaramin jiki?

Wata 'yar'uwa daga unguwar Briqueterie a Yawunde ta aiko da tambaya: tana son fara wasan harbin faifan yumɓu, wanda Faransawa ke kira bal-tarap, amma jikinta ƙarami ne. Wace bindiga za ta zaɓa?

'Yar'uwa, kar ki bi rashin nauyi kawai. Bindiga sakayau ta fi tokarin kafaɗa idan ta tashi, domin nauyi ne ke shanye ƙarfin bugun. Shi ya sa kalibar 12 da harsashi mai gram 24, irin na gasar Olamfik, kan fi wata kalibar 20 mara nauyi sauƙi a jiki.

Abin dubawa shi ne gindin bindiga. Galibi da ma'aunin maza ake ƙera shi, wajen santimita 36 zuwa kunama. Kayan aro ba ya rufe katara, ta maigida ba lallai ta yi miki ba. A rage tsawon, a ɗaga inda kunci ke kwanciya, har idonki ya daidaita da bakin bindiga. Ki gwada a gaban mai koyarwa, da abin toshe kunne da tabarau.

Kafin komai, takarda: dokar makamai ta Disamban 2016 ta wajabta izinin hukuma a Kamaru.

Ƙaramin jiki kuwa ba cikas ba ne. A Basalona a 1992, Zhang Shan 'yar Sin ta doke maza ta ɗauki zinare.

Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.