Tace Zirga-zirgar Bayanai a Na'urar Suwic: Jeri da Wurin Ɗora Doka



A watan Mayu na 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitoci da dama na Ingila. Ta ƙofa mai lamba 445 ta bi, wadda kwamfutocin Windows ke musayar fayil ta cikinta. Da ta kama kwamfuta ɗaya, sai ta yi ta tsallakawa zuwa na kusa. Katangar tsaron da ke bakin intanet ba ta ganin wannan kai-komo na cikin gida. Suwic ce ke ganinsa, shi ya sa jerin dokokin da muke kira ACL ya cancanci a zauna a kansa.

ACL kamar maigadi ne riƙe da takarda: yana karantawa daga sama, doka ta farko da ta dace da saƙo ita zai zartar, ba ya duba na ƙasa. Don haka doka mai faɗi da ta hau sama takan kashe duk ƙananan da ke bin ta. A na'urorin Cisco, jeri mai lamba 1 zuwa 99 adireshin mai aikawa kaɗai yake dubawa. Na 100 zuwa 199 yana haɗawa da adireshin mai karɓa da lambar ƙofa.

Akwai kuma dokar da ba a rubuta ba, a ƙarshen kowane jeri: duk abin da ba a halatta ba, an hana. Nan mutane da yawa ke faɗawa. Injiniya zai halatta adireshin 192.168.10.0 da abin rufe 0.0.0.255, ya ga komai na tafiya, ya tafi gida. Washegari kwamfutoci su tashi babu adireshi. Dalili kuwa, kwamfutar da ke neman adireshi daga DHCP, mai rarraba adireshi, da 0.0.0.0 take fara magana, ta ƙofofin UDP 67 da 68, jerin kuma bai san da ita ba.

Babban kuskuren, a ganina, na wurin ɗorawa ne. ACL da aka ɗora a mashigar VLAN, wato rukunin kwamfutocin da suwic ta ware, saƙon da ke ƙetarawa zuwa wata VLAN kawai yake tacewa. Kwamfutoci biyu a VLAN ɗaya suna magana ba tare da sun bi ta kansa ba, kuma irin wannan hanyar ce WannaCry ta mora. Sai an ɗora dokar a bakin kowace kafar suwic, ko a yi amfani da VACL, wato ACL mai tace saƙon cikin VLAN ɗaya. A lura dai, ma'ajiyar TCAM da ke riƙe dokokin tana da iyaka.

Mai gyara jeri daga nesa kuma ya fara halatta wa kansa ƙofa ta 22 da yake shiga ta cikinta, ya sa umarnin reload in 10 kafin ya taɓa komai. In ya kulle kansa a waje, suwic za ta sake tashi bayan minti goma da tsohon saitinta, muddin bai adana sabon ba.