FITILAR ISKAR TAYA DA BA TA MUTUWA

Jawabi ga direbobi da masu faci na Tasawa da Mayahi



Motoci da yawa da sunka shigo daga Kwatanu suna da wata ƙaramar fitila bisa allon da ke gaban direba. Launinta rawaya ne. Ta yi kama da tukunya mai buɗaɗɗen baki, da ɗan layi da ɗigo cikinta. Ita ce fitilar iskar taya. Wasu direbobi sun yi wata da watanni tana kunne. Wani ya lulluɓe ta da takarda. Wani ya ce ma makaniki shi kashe ta. Wannan ganganci ne, don rayukan fasinjoji suna bisa tayun nan huɗu.

DAGA INA TA FITO?

Ƙasar Amurka ta yi fama da haɗarin motoci saboda fashewar tayu. Cikin shekara ta 2000 anka yi doka. Daga Satumba 2007, kowace sabuwar ƙaramar mota ta Amurka sai tana da wagga fitila. Ƙasashen Tarayyar Turai sunka bi daga Nuwamba 2014. Motocin nan ne sunka tsufa, anka kawo su ƙasar Nijar.

MI YA SA ƘARANCIN ISKA KE DA HAƊARI?

Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana lanƙwashewa duk juyin da ta yi. Lanƙwashewar tana sa ta ɗumi. Cikin watan Afrilu da Mayu zafin rana yana wuce digiri 40, kwalta kuma ta fi haka zafi. Motar da ta ɗauko buhunan hatsi da mutane daga Tasawa zuwa Maradi, in tayarta ta fashe cikin gudu, ba kowane direba ke iya riƙe ta ba. Ko ba ta fashe ba, tayar tana cinyewa ta gefe, mota kuma ta ƙara shan mai.

ABU NA FARKO: A DUBA YADDA TAKE KAMAWA

Fitilar tana magana iri biyu. In ta kama ta tsaya cak, iska ce ta ragu. In kuwa an tada mota ta riƙa ƙyaftawa wajen minti ɗaya, sannan ta tsaya kunne, na'urar da ke auna iskar ce ta samu matsala. Direba shi lura da wannan kafin shi kashe ko dala.

ABU NA BIYU: A AUNA DA MA'AUNI

Bugun taya da ƙafa ko da ƙarfe ba awo ba ne. Ido ma yana ruɗi. Sai an sa ma'auni. A auna da safe, ko bayan mota ta huta awa 3.

Iska nawa za a sa? Amsar tana rubuce ga wata ƴar takarda da anka manna ga jikin mota, daidai ƙofar direba. Yawancin ƙananan motoci suna son kilo 2,2 zuwa 2,5. Motar Amurka da PSI take lissafi: PSI 32 shi ne wajen kilo 2,2, PSI 35 kuma kilo 2,4. Lambar da ke jikin taya ita ce iyakar abin da tayar ke iya ɗauka, ba ita ake bi ba.

Ga motar Amurka, fitilar tana kamawa in iska ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Misali: tayar kilo 2,4 ta sauka zuwa 1,8. Ke nan, kafin ta kama ɓarna ta yi nisa.

ABU NA UKU: SANYI DA RAIRAI

Lokacin ɗari, cikin Disamba da Janairu, fitilar na kamawa da asuba, ta mutu da hantsi. Sanyi ne ke takura iska. Duk ragin digiri 10 yana rage wajen kilo 0,1. Tayar da fitilarta ke yin haka ta riga ta kusa iyaka. A ƙara mata iska da safe. Da rana kuwa, in taya ta yi zafi awonta yana hawa. Kada a sace iskar, za ta sauka da kanta in ta huce.

Masu shiga daji wajen Kanan Bakashe, ko Urafan, ko cikin Gulbin Kaba, suna rage iska don kada mota ta kafe cikin rairai. Dabara ce mai kyau. Fitilar za ta kama, kuma gaskiya ta faɗi. Amma da an hau kwalta, kamar hanyar Mayahi zuwa Cadawa, a maida iskar yadda take kafin a yi gudu.

ABU NA HUƊU: A NEMI INDA TAKE YOYO

An sa iska, bayan kwana biyu fitila ta dawo? Akwai ƙaramin huji. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa suna shiga taya su karye ciki. Ƙusa ma haka. A kaɗa ruwan sabulu a shafa bisa taya, da bakin da ake hura iska, da gefen janti. Inda kumfa ya tashi, nan ne. A duba tayar ajiya ita ma, don wasu manyan motoci suna da na'ura har cikinta.

ABU NA BIYAR: NA'URAR KANTA

Ga motoci da yawa, na'urar tana cikin taya, liƙe ga bakin iska. Tana da ɗan batir da ke yin shekara 5 zuwa 10. An rufe shi ruf, ba a canza shi. In ya mutu sai sabuwar na'ura. Motar 2010 da ba a taɓa canza mata ba, tabbas lokacinsu ya yi.

Masu faci, nan ne naku. Ƙarfen ɓamɓare taya shina fasa na'urar. A sa shi nesa da bakin iska. In an zura tub cikin tayar da ba ta tub ba, sai an cire na'urar, fitila kuma ba za ta mutu ba. A gaya ma mai mota kafin a yi.

Wajen saye a yi hankali. Na'urar yawancin motocin Amurka ba ta jituwa da ta motocin Turai. Bayan an sa sabuwa, motoci da yawa sai makaniki ya haɗa su da kwamfuta.

Wasu motoci ba su da na'ura cikin taya, juyin ƙafafu suke ƙidaya. Su kuma duk lokacin da anka sa iska ko anka canza taya, sai an danna maɓallin sake saiti, mota tana tsaye. Kada a danna shi kafin iska ta daidaita.

IN BABU KUƊIN GYARA FA?

Mota tana iya tafiya da matacciyar na'ura. Amma mai gadi ya yi barci, sai direba shi zama mai gadi. Shi sayi ma'auni shi aje cikin mota. Shi auna tayu duka kowane mako, da kowace safiyar kasuwa kafin a yi lodi. Shi koya ma yaron mota karanta lambar. Rigakafi ya fi magani.

Allah shi kiyaye hanya, shi kai kowa gida lafiya.