Gidan Gado: A Sayar Yadda Yake?



Maigida ya rasu, ya bar gida ɗaya da magada da yawa. Katanga ta tsage, rufi yana yoyo, babu mai kuɗin gyara. Sai a ce a sayar yadda yake.

Ban ga laifi ba, amma a dakata. Matarsa tana takaba, wata 4 da kwana 10. Kada dillali ya riƙa shigo mata da masu saye. A dakata ta fita.

A fara biyan bashin mamaci. A nuna wa mai saye kowane aibi, domin ɓoye shi ha'inci ne. A nemi yardar kowane magaji, musamman 'yan'uwa mata da ke gidan aure.