Fitilar Batir a Gindin Darbejiya: Abin da Na Gani da Dare a Gidana

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, ɗan kasuwar hatsi, ya gabatar a taron wata-wata na 'yan'uwa mazauna Hausari, Potiskum



Malam Shugaba, iyayenmu dattawa, malamai, 'yan'uwa maza da mata, da 'ya'yanmu da ke zaune can baya, ina yi muku barka da zuwa. Da sakatare ya ce ni zan yi magana yau, na ce masa ni fa ba ɗan boko ba ne, iyakata allo da Islamiyya, sai mudu da buhu. Ya ce ai labarin fitilata ake so. To, ga shi, ku yi haƙuri da ni in na yi tuntuɓe.

Tun ina yaro na ga mahaifina, Allah ya ji ƙansa, yana ajiye kasko biyu a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, ɗaya na ruwa, ɗaya na tsaki, domin kurciya da sauran tsuntsaye. Yakan ce sadaka ba ta tsaya kan ɗan Adam kaɗai ba. Da ya rasu na ci gaba. Kun san zafin bazarar Potiskum, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da tsuntsu kan sauko baki buɗe yana neman ɗigon ruwa. Ni kuma sharar rumfa ba ta ƙare mini, gero da dawar da suka zube su nake kawowa.

Bazarar da ta wuce sai abu ya canza. In na cika kasko da magariba domin tsuntsayen asuba, kafin gari ya waye ya zama wayam. Ban damu ba. Sai ƙwai suka fara ɓata a akurkin uwargida, wanda yake dab da bishiyar. Daga nan sai 'yan tsaki, yau ɗaya, jibi biyu. Cikin mako uku kaza mai 'ya'ya goma sha ɗaya ta koma da huɗu. Kuɗin kajin nan kuwa da shi take sayen littattafan yara.

Yanzu zan faɗi abin da nake jin kunyarsa. Katangarmu ta baya ta ɗan zube, kuma akwai yaron maƙwabcina da kan hau ta yana ɗauko ƙwallo. Zuciya ta ce mini shi ne. Maƙwabcin nan ɗan ƙasa ne, irin mutanen da kakanninsu suka ba kakanninmu masauki da wurin kasa kaya. Mun fi shekara ashirin muna tare, suna da biki da zaman makoki duk tare muke yi. Amma na daina amsa gaisuwar yaron da sakin fuska, har na shirya zuwa wurin mai unguwa. Jama'a, ku duba mini: saboda 'yan tsaki bakwai.

Ɗana na uku, wanda ke zama a shagon wani mai gyaran rediyo bayan an tashi makaranta, shi ya tare ni. Ya ce, "Baba, ka gani da idonka?" Na ce a'a. Ya ce, "To ka ba ni kwana biyu." Mukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ranar dai yaro ne ya hango, babba yana ƙasa.

Na ce mu rataye fitilar ƙwai mana. Ya nuna mini harawa da karan da ke jingine a wurin. Nan na tuna gobarar hunturu nawa muka gani a garin nan daga aci-balbal da kyandir. Wutar lantarki kuma kun sani, ba a yin alkawari da ita. Saura batir.

Manya a cikinku za su tuna fitilar da ta cika kasuwanninmu a ƙarshen mulkin Obasanjo, wajen 2006 da 2007, wadda mutane suka laƙaba wa suna "Obasanjo ya kasa": ɗan akwatin katako, batir uku, da tsohon faifan sidi da aka jera wa ƙananan ƙwayaye. Yaranmu ne suke ƙera ta a bakin titi. Tamu jikarta ce, sai dai an gyara mata kurakurai. Ga yadda aka yi, mai biro ya rubuta.

Kayan aiki: manyan batura uku irin na rediyo, ƙananan ƙwayayen nan masu ƙafa biyu da masu gyara ke kira led, waɗanda za ka iya cirowa daga matacciyar cocila, wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai zane-zane da ake kira rizista, waya kamar kamu biyu, makunni, salatif, da robar man shafawa ko wata roba mai murfi wadda haske ke ratsawa.

Na farko, a jera baturan a cikin bututun kwali ko guntun fayif, kan wannan yana taɓa gindin wancan. Kowane batir ƙarfinsa bolt ɗaya da rabi ne, uku sun zama huɗu da rabi.

Na biyu, a san ƙwan. Ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Doguwar ita ke zuwa wajen kan batir mai ɗan tsini, gajeriyar ta nufi gindi. In ka juya shi ba zai kama ba, kada ka ce ya mutu, juyo shi kawai.

Na uku, kuma nan ne masu fitilar da suka yi sakaci: farin ƙwai bolt uku ko sama kaɗan yake so, ja kuma kamar biyu. In ka ɗura masa huɗu da rabi kai tsaye, zai yi haske kamar me, sannan ya dushe ko ya ƙone, batir kuma ya ƙare da wuri. Aikin rizista shi ne ta rage. Kamar mazurari ce a bakin buhu. Ka ce wa mai shago ya ba ka mai lamba 100 domin farin ƙwai, mai 150 domin ja. Kowane ƙwai da tasa, a ɗaura ta a doguwar ƙafa.

Na huɗu, a sa makunni a tsakanin waya ɗaya, a naɗe duk mahaɗa da salatif, in da hali a kai wa mai gyara ya like da dalma. Sannan a zuba komai cikin roba a rufe, a huda ƙaramin rami ta ƙasa, ba ta sama ba, domin raɓa da ruwan sama.

Na biyar, a rataye ta sama da tsayin mutum, tana kallon ƙasa, inda akuya ba za ta tauna waya ba.

Mu ja muka sa, ƙwai biyu kacal. Yaron ya ce yawancin dabbobin dare ba su cika damuwa da jan haske ba kamar yadda fari ke firgita su, kuma ba ya hana kaji barci. Ƙwai biyun nan sun kai mu fiye da mako guda kafin mu sake batir, muna kunnawa bayan isha'i, muna kashewa da asuba. Abin da ya sa ƙwan nan ba ya cin wuta shi ne ba ya ɓata ƙarfinsa wajen zafi kamar tsohon ƙwan cocila. Farinsa ma bai samu ba sai da wasu masana uku 'yan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka gano yadda ake yin shuɗinsa, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Wato abin da ke cikin robar man shafawata, aikin shekaru ne na manyan mutane.

To, me muka gani? Daren farko muka shimfiɗa tabarma a bakin ɗaki muka yi tsit. Can sai ga bushiya ta fito daga ƙarƙashin itacen girki, ta sha ruwa ta wuce abinta. Shekara nawa muna gida ɗaya da ita ban sani ba. Bayanta sai gafiya, ƙatuwa, ta cika kumatu da tsaki, ta kai rami, ta dawo, sawu ya fi biyar. Ga ɓarawon kasko. Dare na biyu ba abin da ya ƙaru. A na uku, wajen ƙarfe biyu, sai ga wani baƙin muzuru ya diro ta daidai inda katanga ta zube, bai ko kalli kasko ba, ya miƙe sai akurki, ya tura hannu ta wani rami da ban taɓa lura da shi ba.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Ba muzurun ya dame ni ba. Yaron mutane na tuna, wanda a lokacin yana can yana barcinsa. An karantar da mu tun muna Islamiyya cewa a nisanci yawan zato, mun haddace a Suratul Hujurati, amma sai da robar man shafawa ta tuna mini. Da gari ya waye na shiga wurin maƙwabcina na gaya masa duk abin da na riƙe a zuciya. Ya yi shiru, sannan ya ce ya lura da canjin fuskata, yana ta tunanin laifin da ya yi mini. Ranar Juma'a shi da yaron suka taya mu gyara katanga.

Kada wani ya tafi da cewa fitila tana korar dabba. Tawa ta nuna mini ne kawai. Abin da ya tsare kaji shi ne toshe rami da wayar raga, da daina barin tsaki ya kwana a kasko. Yanzu da asuba nake zubawa, ruwa kaɗai ke kwana. Huɗun da suka rage duk sun girma. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Masu garke a bayan gari, waɗanda kura ko dila ke damu, ku ji wannan. A ƙasar Kenya, a Kitengela kusa da gandun dajin Nairobi, akwai wani yaro makiyayi ɗan ƙabilar Masai, Richard Turere, da zakuna suka addabi shanun mahaifinsa. Ya hura wuta, sai ta zama ta haska wa zaki hanya. Ya kafa mutum-mutumi, kwana ɗaya suka gane. Sai ya lura in yana zagaya garke da cocila ba sa zuwa. Ya samo tsohon batirin mota, da akwatin turafiketar babur, da ƙwayayen cocila, ya jera su suna kallon daji, suna kamawa suna ɗaukewa kamar mutum na yawo. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya yi wannan, a 2013 ya yi jawabi a kai a Amurka, a 2023 kuma ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba shi kyautar matasa. Darasin shi ne: haske tsayayye na gani ne, mai ƙyaftawa na kora. Mu da muke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma a ƙofar gida, bai kamata a ce wannan dabara ta wuce mu ba.

Gargaɗi uku kafin in zauna. Da damina haske yana tara ƙwari, ƙwari su kira kwaɗi, kwaɗi su kira maciji, don haka kada a rataye ta a bakin ɗakin kwana. Mataccen batir kada a bar wa yara suna fasawa, kada a jefa shi inda dabba ke kiwo. Mai aiki da batirin babur ko na mota ya sani akwai ruwan guba da dalma a ciki. Ba mu manta da yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba, ko da yake tasu daga duwatsun zinariya ta fito.

Roƙona ga ƙungiya, Malam Shugaba, a ware Asabar ɗaya a samo mai gyaran rediyo ya koya wa yaranmu wannan aiki, maza da mata, a kuma gayyato 'ya'yan maƙwabtanmu su zauna tare da su. Baturan ranar ni zan saya. Fitilar tana nan na zo da ita, mai son gani ya same ni bayan addu'a.

Abin da na faɗa daidai Allah ya ba mu ladansa, kuskuren kuma ku yafe mini.