Jawabin Ƙaddamar da Rajistar Masu Ba da Jini a Durba

 

Jinin ɗan Adam ja ne duka a ido, amma rukuninsa huɗu ne: A, B, AB da O. Likita Karl Landsteiner na ƙasar Ostiriya ne ya gano uku daga ciki a 1901, abokan aikinsa suka gano AB a 1902. A 1940 aka gano alamar Rh, wadda ta raba kowane rukuni gida biyu, fozitif da negetif.

Rukunin jini gado ne. Kowa yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ƙwayar A da ta B suna rinjayar ta O, don haka O ba ya bayyana sai an gaje shi ta ɓangarorin biyu. Shi ya sa uba mai A da uwa mai B suna iya haifar ɗa mai O, kuma babu abin zargi a ciki.

A Najeriya kusan rabin masu ba da jini 'yan rukunin O ne. A da B kowanne ya kai wajen kashi 20 zuwa 25 cikin 100, AB kuwa bai cika wuce kashi 5 ba. Tunda sai ƙwaya biyu sun haɗu ake samun O, rabin nan yana nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon jama'a na O ne, da yawa suna ɓoye a jikin masu A da B. Masana suna danganta wannan yawa da zazzaɓin cizon sauro, domin mai tsananinsa bai cika kayar da masu O kamar sauran ba.

Inda ƙarancin yake shi ne Rh negetif. A Turai ya kai kashi 15 cikin 100, a nan kuwa wajen mutum ɗaya ne cikin 20. Mace mai negetif da ta haifi jariri mai fozitif tana buƙatar allurar kariya cikin awa 72, don kare cikin da zai biyo baya. Idan kuma jini ya ɓalle mata a naƙuda cikin dare, aka garzaya da ita asibitin Rano, dangi goma suna iya miƙa hannu a gwada, a rasa leda ɗaya da ta dace da ita. Kafin a samo daga Kano, lokaci ya ƙure.

Wannan giɓi ne rajistar za ta cike, domin za ta ƙunshi sunan mai ba da jini, rukuninsa, unguwarsa da lambar wayarsa. Duk mai lafiya daga shekara 18 zuwa 65, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya shiga. Namiji yana bayarwa bayan kowane wata uku, mace bayan wata huɗu, kuma ana gwada jinin don gano ƙanjamau da ciwon hanta kafin a ƙara wa kowa.

Da sunan Allah, an ƙaddamar da wannan rajista. Allah Ya saka wa masu ba da jininsu da alheri, Ya sauki masu ciki lafiya.