Ranar Biyan Bashi da Ranar Saukar Ruwa



An nemi in yi magana kan yadda manomi zai tsara kuɗinsa a wannan zamani da damina ta daina cika alkawari. Zan tsaya a kan abu guda da ba a cika dubawa ba lokacin sa hannu a takardar rance, wato ranar biya. Kowa idonsa na kan kuɗin ruwa, kashi nawa ne. A ganina, abin da ya fi karya manomi shi ne lokacin da aka ce ya kawo kuɗin.

A Katsina ko Sakkwato, ruwan wata uku zuwa huɗu ne ke ciyar da gida wata goma sha biyu. Yanzu kuwa sai ya sauka, a yi shuka, ya ɗauke har tsiro ya ƙone, a sake sayen iri. Can kuma a Agusta ya zo da yawan da zai kwantar da gero. Dattawanmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Mu kuma mun ga ambaliyar 2012, da ta 2022 wadda ta hallaka sama da mutum 600 a Najeriya ta kuma cinye gonaki a Jigawa, da ɓallewar madatsar Alau kusa da Maiduguri a 2024. Duk lissafin da aka gina a kan cewa kowace shekara za ta yi albarka, tun a takarda ya faɗi.

To, mu ɗauka ma daminar ta yi kyau. Da kaka kowa ya kwaso amfaninsa zuwa kasuwa a lokaci ɗaya, farashi ya zube. A daidai wannan lokacin ne banki ke jira, mai taki na jira, ga kuɗin makaranta, ga bikin da aka ɗaga zuwa bayan girbi. Manomi ya sayar da arha, 'yan kasuwa su loda su kai rumbunan kasuwar Dawanau. Da damina ta sake tsayawa, rumbunsa ya ƙare, sai ya koma awon hatsin da ya noma da tsada, sau da yawa ma da bashin da zai biya da buhu a kaka mai zuwa. Haka mutum ke noma shekara da shekaru bai taɓa cin ribar guminsa ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Mun ga darasi a shirin rancen manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Babban Bankin Najeriya ya zuba sama da naira tiriliyan ɗaya, kuma kaso mai yawa bai dawo ba. Gaskiya ne wasu sun ɗauke shi rabon gwamnati, bai kamata mu rufa musu asiri ba. Amma akwai wanda taki ya iso masa bayan lokaci ya wuce, akwai wanda ambaliyar 2020 ta shafe masa shinkafa a fadamun Kebbi. Idan aka haɗa mai taurin bashi da wanda ruwa ya ci gonarsa a layi ɗaya, an zalunci na biyun, kuma gobe ba zai sake kusantar banki ba.

'Yan'uwanmu na Nijar sun daɗe da wata dabara, tun ƙarshen shekarun 1990, da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙungiyar manoma ta tara hatsinta da kaka a sito ɗaya, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba kowa wani kaso na darajar buhunansa ya biya buƙatunsa ko ya yi sana'ar rani. Bayan watanni a buɗe sito, a biya bashi, sauran riba ta manomi ce. Hatsin kansa ya zama jingina, ba a tambayi takardar fili ba, wadda yawancinmu ba mu da ita. Dabarar na da haɗarinta: bayan da gwamnatin Najeriya ta janye harajin shigo da wasu hatsi a 2024, farashi ya karye a 2025, masu ajiya da yawa suka yi asara. Don haka kada a ba da rancen da ya kai cikakkiyar darajar buhu.

Ga masu gudun kuɗin ruwa, shari'a ta san cinikin salam, a biya manomi kuɗi yau ya kawo amfani a ranar da aka yanka, kuma tun 2012 da bankin Jaiz ya fara aiki muna da bankunan da za su iya gudanar da shi. Inshorar noma ma akwai, ta hukumar NAIC da ta takaful. Abin da nake roƙo shi ne a rubuta ƙarara cikin kowace yarjejeniya abin da zai faru idan fari ko ambaliya ta auku: a ɗaga biya zuwa bayan noman rani, ba tare da tara ba.

Iyayenmu manoma, ku ma da naku. A raba aljihun gona da aljihun gida, a rubuta abin da aka kashe ko da a littafin yaro ne. Tumaki da awaki ajiya ce mai kyau, sai dai a shekarar fari farashinsu faɗuwa yake yi daidai lokacin da hatsi ke tashi, saboda kowa na sayarwa. Shi ya sa ya kamata wani abu ya kwana a asusu, duk da na san wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ta sa mutane da yawa sun ɗebe ƙauna daga banki.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, da lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa a kowace jiha. Ya kamata manajan reshen banki a Gusau ko Haɗeja ya karanta shi kafin ya yanka wa'adi, ya kuma saki kuɗin kafin watan Mayu, lokacin da iri mai saurin nuna da taki ke nan a kasuwa. Rancen da ya fito a Yuli ya tarar an gama noman farko.