Rigar Yaro Mai Tasowa

Maganarmu ta yau da iyaye ce, musamman waɗanda Allah ya ba su 'ya'ya maza da suka fara tasowa, daga shekara 13 zuwa 19. Idan saurayin yana kusa kada a kore shi, a bar shi ya zauna ya ji, gama maganar tasa ce.

Za mu yi magana a kan tufafi. Wani zai ce, tufafi kuma a lokacin ibada? I, tufafi. Akwai gidajen da uba da ɗa ba sa ga maciji, in ka bi sawun rigimar sai ka tarar daga wando ta fara. Akwai kuma yaran da suka daina zuwa sujada, aka ce sun ja da baya, alhali kuwa riga ce ta yi musu kaɗan, suna jin kunyar shiga cikin tsaransu.

Karatunmu yana cikin Littafin Sama'ila na Fari, sura 2, aya 18 da 19. A can mun ga Hannatu, matar Elkana, wadda ta roƙi Allah ɗa, ta samu, ta kai shi Shilo ya yi hidima a hannun Eli firist. Kowace shekara, sa'ad da za ta haura tare da mijinta domin miƙa hadaya, takan ɗinka wa yaron 'yar riga ta kai masa. Ku lura da wannan. Matar nan tana ɗinki domin yaron da ba ya gabanta, ba ta da halin gwada shi. Sai ta zauna ta yi tunani, yanzu kafaɗarsa ta kai ina, tsawonsa ya kai ina? Uwar da ɗanta yake makarantar kwana ta san wannan lissafi sarai. Ba a ce ta ɗinka guda goma ta ajiye ba. Ɗaya take yi, daidai da shekarar.

Wannan ita ce dabara ta fari. Yaro namiji yakan yi saurin tsawo wajen shekara 13 zuwa 15, a shekarar da abin ya fi ƙarfi yana iya ƙara santimita 8 zuwa 10. Ƙafa da hannu su ne kan gaba, shi ya sa takalmi yake fara matsewa tun wando bai ɗage ba. Kafaɗa kuwa sai daga baya take buɗewa. Saboda haka kada ka kwashe kuɗin shekara ka saya masa kaya tuli a rana ɗaya. Sayi kaɗan, ka bar sauran kuɗin domin wata shida masu zuwa. In ka kai ɗinki, ka ce wa tela ya bar kalmasa mai faɗi a ƙafar wando da bakin hannu, ya kuma bar saura a cikin ƙugu, domin in yaro ya ƙaru a warware a sake. Wannan ba ya cin kuɗi, magana ce kawai ta fatar baki kafin almakashi ya hau yadi.

To, wace irin shiga muke nufi? Ba kayan makaranta ba, waɗannan makaranta ta riga ta yanke. Ba kuma manyan kayan Kirsimati ko na Ista ba. Muna nufin shiga ta tsaka-tsaki, wadda yaro zai sa ya je taron matasa, ko koyon waƙa da yamma, ko gaisuwar rasuwa, ko wurin rubuta jarrabawa, ko a aike shi wurin wani babba, ba wanda zai dube shi sau biyu. Wando biyu masu duhun launi, baƙi ko ruwan toka ko shuɗi mai duhu, da riguna uku masu kwala, da kaftani ɗaya, da takalmi sau-ciki ɗaya, sun ishe shi. Launin da bai cika ihu ba yana shiga da kowane wando, sai kaya kaɗan su zama kamar masu yawa. A ƙasa mai sanyi kamar Jos, ko lokacin hunturu a ko'ina, a ƙara da rigar sanyi guda marar rubutu.

Na ce kaftani, kuma ina so in ɗan tsaya a nan. Waɗansu samarinmu suna ganin kaftani da hula kayan tsofaffi ne, waɗansu ma suna cewa ba namu ba ne. Wannan kuskure ne. Kakanninsu da suka karɓi bishara da shi suke zuwa majami'a. Yadi huɗu ko biyar yana fitar da riga da wando, yaro kuwa in ya sa shi a goge, ba inda ba zai shiga ba, daga gidan biki har ofis. Iska tana ratsa shi a watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ya tsananta. Ga shi kuma yana jure girma fiye da shat, domin ba a jiki yake manne ba.

Batun wandon jins kuwa, ni ban ga laifinsa ba. Asalinsa kayan 'yan ƙwadago ne a Amurka. A shekarar 1873 ne Levi Strauss da wani tela mai suna Jacob Davis suka yi rajistar dabarar sa ƙananan ƙusoshi a bakin aljihu domin kada ya yage wurin aiki. Ƙarfinsa ne ya ɗaukaka shi. Abin mamaki, yanzu sai a sayar wa yaro wanda aka riga aka yayyaga a gwiwa, a kuma caje shi fiye da mai lafiya! Jins mai duhu, marar yaga, wanda ya zauna a ƙugu da bel, ya shiga lissafin da muke yi. Wanda ya zazzago har gajeren wando na ciki yana leƙowa, wannan bai shiga ba.

Yanzu ku buɗe sura 17 ta wannan littafi. Dawuda ya ce zai fuskanci Goliyat, sai sarki Saul ya sa masa nasa kayan yaƙi, da kwalkwalin tagulla da sulke. An riga an faɗa mana a sura 9 cewa Saul ya fi dukan jama'arsa tsawo. Dawuda ya gwada tafiya, abin ya gagara domin bai saba da su ba, sai ya tuɓe. Kayan ba su da aibi, na sarki ne ma, sai dai ba nasa ba ne. Hausawa suka ce kayan aro ba ya rufe katara. Baba, kwat ɗin da ka yi aure da ita tana da daraja a wurinka, amma in ka rataya wa ɗan shekara 15, kafaɗa tana zubowa, hannu ya haɗiye yatsu, ka sa shi ya zama abin dariya a gaban abokansa. In dole ne ya gāji kayanka, kai wa tela ya rage.

Ga yadda ake gane riga ta yi daidai. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya a kan ƙashin kafaɗa. In an ɓalla maɓallin wuya, yatsa biyu su iya shiga. Yaro ya ɗaga hannu sama, ya zauna, ya tsuguna, a ga ko wani wuri yana ja. Takalmi kuwa a gwada shi da yamma, gama ƙafa takan ɗan kumbura bayan yini, a sa safa, a bar wuri kamar faɗin babban yatsa a gaba.

Sai yadi. Lokacin balaga jikin yaro yakan fara wani irin gumi mai wari wanda ba shi da shi a dā. Ba ƙazanta ba ce, halitta ce, kada a yi ta kunyata shi a gaban ƙannensa. Auduga tana shan gumi, tana barin iska ta shiga. Yadin roba kuwa yana riƙe wari ko bayan wanki. Shi ya sa rigar ƙwallo, ko ta Arsenal ce ko ta Plateau United, filin wasa ne wurinta. A saya masa singileti na auduga guda uku, a koya masa wanki da guga da hannunsa. Saurayin da ya iya riƙe wayar hannu ya iya riƙe dutsen guga. A kuma tuna yadin auduga yakan ɗan tsuke a wankin fari, sai a yi la'akari da haka wurin awo.

Dā muna da masaƙu a Kaduna da suke ba mu yadi mai kyau. Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, waɗansu kuma suka bi bayanta. Yawancin abin da ke kasuwa yanzu daga waje yake zuwa, akwai mai kyau, akwai na banza, sai an taɓa da hannu. Mai hali ya je Kantin Kwari a Kano ya yanko yadi. Marar hali kuma kada ya ji kunyar gwanjo, ko a Katako ta Jos, ko a Kasuwar Barci ta Kaduna, ko a Ƙofar Wambai. Sau da yawa rigar gwanjo mai kyau takan fi sabuwa mai araha daɗewa, gama araha ba ta ado. A je da wuri ranar da aka fasa dila. A ɗaga rigar a hasken rana, a duba kwala da hammata, a gwada zif, a duba tsakanin ƙafafun wando inda yake fara cinyewa. In an kawo gida a wanke, a shanya a rana, a goge kafin a sa. A karanta rubutun da ke jikin riga kuma. In Turancin ya fi ƙarfinku a ba wani ya fassara, domin an sha ganin yaro a layin mawaƙa da maganar batsa a ƙirjinsa, shi da uwarsa ba wanda ya sani.

Wa zai zaɓa? Ku je kasuwa tare. Uba ko uwa su faɗi iyakar kuɗi, su faɗi abin da ba za a shigo da shi gida ba, sa'an nan a bar yaro ya zaɓi launi da fasali a cikin wannan iyaka. Rigar da aka tilasta masa a ƙasan akwati take ƙarewa, kuɗi ya tafi a banza. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni a Afisawa sura 6 kada su tsokani 'ya'yansu har su fusata. Kai kuma saurayi, a surar nan ce aka fara da kai, aka ce ka yi biyayya. In babanka ya ce abin da ke aljihunsa ke nan, kada ka ɗaure masa fuska domin ɗan maƙwabci ya sa kambas mai suna. Ba ka san bashin da ke bayan wannan kambas ba.

In 'ya'yan suna da yawa, a yi hankali. Yusufu yana da shekara 17 sa'ad da labarinsa ya fara a Farawa sura 37. Yakubu ya yi masa riga ta musamman, shi kaɗai, 'yan'uwansa suka gani suka ƙi shi. Rigar nan ce daga baya suka tsoma cikin jinin akuya suka kai wa tsohon. A gidan da ƙane kullum kwancen wansa yake samu, a yi ƙoƙari ko sau ɗaya a shekara a ɗinka masa abin da ba wanda ya taɓa sawa. Haka kuma maraya ko ɗan riƙo da ke zaune tare da ku, yadin da aka yanka wa ɗan gida a yanka masa.

Ku kuma dattawa da masu tsaron ƙofa, Wasiƙar Yakubu sura 2 ta tsauta wa ikilisiyar da take ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, ta bar mai tsummoki a tsaye. In kun ga yaro ya shigo da shigar da ba ta dace ba, kada ku mayar da shi daga bakin ƙofa a gaban jama'a. Ku bari a tashi, wanda ya saba da shi ya ja shi gefe. Wataƙila ita ke nan gare shi. Zumuntar Mata kuma, kayan da suka yi wa 'ya'yanku kaɗan, ku wanke, ku goge, ku ninke. Kada a yi sanarwa daga bagadi, kada a kira sunan kowa. A kai gidan da yamma, a ba uwar a hannu, a bar ta ita ta miƙa wa ɗanta.

Bari mu yi addu'a.